DARASI: YADDA ZA KA JERA KARATUNKA A CIKIN NA'URAR SAURARE

 Darasinmu na wannan fitowa a kan ɗan abin nan ne da ya shiga kusan kowane gida, wato ƙaramar na'urar saurare. Wani tasa 'yar rediyo ce mai cin mimori, wani 'yar MP3 ce da ake sa wa a aljihu, wani kuma tsohuwar wayar babansa ce da aka cire wa layi aka bar masa don karatu. Duk ɗaya ne a wajenmu. Abin da muke so ka koya shi ne yadda za ka jera abin da ke ciki, domin ya bi karatunka na makaranta sau da ƙafa.

Ka duba da kyau. Yaro zai je wajen masu tura karatu a bakin kasuwa, a cika masa mimori maƙil: alaramma goma, tafsiri na shekara biyar, wa'azi, ƙasidu, har da abin da bai roƙa ba. Ya dawo gida yana murna. Bayan wata uku Malam ya ce ya kawo haddarsa, sai ka ji yana 'yan kame-kame. Ina amfanin? Tarin hatsi a tsakar gida ba tuwo ba ne, sai an sussuka, an sheƙe, an niƙa, an tuƙa. Haka tarin karatu a mimori.

Daga kaset zuwa mimori

Tambayi mahaifinka ko yayanka babba, zai ba ka labarin zamanin kaset. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963, sannan a 1979 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da 'yar rikodar nan ta ratayawa mai suna Walkman. Kaset mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti 45. In kana son sura guda a tsakiya, sai ka yi ta turawa gaba kana dawowa baya, batir yana ƙarewa. Wasu ma da biro suke naɗe zaren don su tsimi batir. Wahala ce, amma tana da alheri guda: mai kaset uku ya san abin da ke cikin ukun nan ciki da waje.

Daga baya masana a ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙiro hanyar matse sauti ya zama ƙarami, wadda ake kira MP3. A 1998 aka fara sayar da 'yan na'urorin aljihu masu kunna shi, a 2001 kuma kamfanin Apple ya fito da iPod, wanda ya yi tashe sosai kafin a daina ƙera shi a 2022. Ga lissafin da ya kamata ka sani: sauti mai matsakaicin kyau yana cin kusan megabait 1 a kowane minti guda. Ke nan mimori mai gigabait 8 zai iya ɗaukar fiye da awa 100. In da kaset mai lamba 90 ne, sai ka tara fiye da 60 kafin ka kai haka. Ka ga kuwa wanda yake ɗauke da kaset sittin a aljihunsa, ba rubutu a jikin ko ɗaya, ai ya shiga daji.

Mene ne jerin saurare?

Jerin saurare shi ne tsarin da ka ba na'ura cewa ta fara da wannan, ta bi da wancan, ta ƙare da wancan. A jikin waya za ka ga an rubuta Playlist. Ka ɗauke shi kamar takardar sunaye da Malam yake kira da safe: sunayen yara ne a kanta, yaran kuwa suna zaune a kan tabarma. In aka goge sunan yaro daga takarda, yaron yana nan. Haka nan in ka cire sura daga jeri, surar tana nan a mimori. Kuma sura guda tana iya shiga jeri uku ko huɗu ba tare da ta ƙara cin wuri ba.

Amma 'yan rediyon nan masu araha da yawansu ba su san wannan tsari ba. Su folda kawai suka sani, wato jakar da ake zuba fayil a ciki. To, mai irin wannan rediyo sai ya mai da kowace folda ta zama jeri guda, ya kwafi surorin da yake bukata ya zuba a ciki. A nan sai a yi hattara, domin abin da ka goge daga folda ya tafi ke nan.

Abu na farko: ka tambayi Malam ruwaya

Kafin ka zuba komai, ka san da wace ruwaya ake karantar da kai. A ƙasar Hausa muna da biyu da suka fi yawa. Makarantun allo tun kaka da kakanni da ruwayar Warshu suke karatu, yawancin makarantun Islamiyya kuma da ruwayar Hafsu. Dukansu ingantattu ne, amma akwai bambanci a furuci da wasu kalmomi. Tun a Fatiha ma za ka ji shi: akwai kalmar da mai Hafsu yake jan wasalin harafinta na farko, mai Warshu kuwa ba ya ja. Lissafin ayoyi ma ya bambanta. Mus'hafin Hafsu yana ƙirga aya 6236, na Warshu da aka saba bugawa kuma 6214. Saboda haka in an yanka karatu aya-aya aka sa musu lamba, lambar tana iya saɓa wa ta mus'hafin da ke hannunka.

Yaron da yake biya Hafsu a makaranta da yamma, da dare kuma yana sauraron Warshu a gida, kansa zai ɗaure, harshensa ya haɗa biyun, Malam ya yi ta gyara bai san daga inda ɓarakar take fitowa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. In gidanku akwai masu ruwaya biyu, kowa a yi masa foldarsa, a rubuta sunan ruwayar ƙarara.

Abu na biyu: makaranci guda

A lokacin hadda ka tsaya a kan murya guda. Kunne yana riƙe wurin da makaranci ya tsaya, da inda ya ja, da inda ya numfasa, kuma wannan yana taimaka wa ƙwaƙwalwa. In yau ka ji wannan gobe ka ji wancan, sai alamomin su cakuɗe.

Ka zaɓi mai karatu a natse, wanda kowane harafi yake fita. Malamai da yawa suna nuna wa ɗalibai Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari na ƙasar Masar, wanda ya rasu a 1980. Shi ne ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da karatun tartili a 1961, da ruwayar Hafsu, daga baya kuma ya naɗi na Warshu. Akwai kuma Shaihu Muhammad Siddiƙ Al-Minshawi, shi ma ɗan Masar, wanda ya rasu a 1969. Akwai wani naɗi da muryarsa da ake kira Mu'allim, inda yake karanta aya sai a ji muryar yara tana maimaitawa. Wannan ya dace ƙwarai da ƙananan yara 'yan izu ɗaya da izu biyu. Masu karatu da sauri irin na sallar tarawihi kuwa, ka bari sai haddarka ta zauna.

Abu na uku: suna da lamba

Na'ura ba ta san Baƙara ta riga Ali Imrana ba. Harafi ko lambar farko ta sunan fayil kawai take dubawa. In ka rubuta 1, 2, 3 har zuwa 114, na'urori da yawa za su jera maka su haka: 1, 10, 100, 101, su yi ta tafiya, sai can baya 2 ta zo. Maganin wannan shi ne sifili. Rubuta 001, 002, 010, 099, 114, kowace lamba ta zama mai gida uku. Sai sunan sura ya biyo baya, kamar 089 Fajri.

Ka rubuta sunan fayil da boko zalla, ba tare da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ ba. 'Yan na'urori masu araha sau da yawa ba su iya nuna su, haka ma haruffan Larabci da na ajami, sai ka ga wasu 'yan akwatuna ko alamar tambaya a gilashin. Ajaminka ka ajiye shi don littafin rubutu, inda za ka rubuta abin da ke cikin kowane jeri.

Ga wani sirri kuma da ke ba mutane haushi. Wasu rediyoyin ba ruwansu da suna ko lamba, suna bin tsarin da fayilolin suka shiga mimori ne: wanda ya riga shiga shi ke riga fita. In ka ga ka sa lamba daidai amma karatu yana tsalle, to wannan ce matsalar. Sai a buɗe sabuwar folda a kwamfuta ko waya, a kwafi surorin ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da ake so. Ka gaya wa mai tura maka karatu haka, kada ya kwashe su gaba ɗaya ya watsa.

Jeri uku da kowane mai hadda yake bukata

Yanzu mun zo zuciyar darasi. Mus'hafi yana farawa daga Fatiha ya ƙare da Nasi. Kai kuwa ɗan makaranta bayan Fatiha daga Nasi ka fara, kana hawa sama: Falaƙi, Ihlasi, har ka kai Sabbi, ka cika izu ɗaya mai sura 28, sannan ka hau zuwa Amma da ƙarin sura 9, izu biyu ke nan. Tsarin da ke cikin mimori dabam, tsarin da kake tafiya a kansa dabam. Wannan shi ya sa dole ka yi naka jerin. Ga guda uku:

1. Jerin ƙari. Wannan na sabon darasi ne, abin da Malam ya biya maka a wannan mako. Kada ya wuce abu ɗaya ko biyu.

2. Jerin bita na kusa. Surori huɗu ko biyar da ka gama kwanan nan. Su ne suka fi saurin zubewa, domin ba su riga sun bushe ba.

3. Jerin tilawa. Duk abin da ka haddace tun da daɗewa, a raba shi kashi-kashi bisa kwanakin makaranta.

Bari mu buga misali. A ce kai yanzu kana Suratul Fajri, Malam ya ba ka daga farko zuwa aya ta 14. To, jerin ƙari Fajri ce kaɗai. Jerin bita na kusa kuma: Baladi, Shamsi, Laili, Duha, da Sharhi. Saura daga Tini zuwa Nasi, sura 20 ke nan cif. Raba su gida biyar, huɗu-huɗu:

Asabar: Tini, Alaƙi, Ƙadri, Bayyina.
Lahadi: Zalzala, Adiyati, Ƙari'a, Takasuru.
Litinin: Asri, Humaza, Fili, Ƙuraishi.
Talata: Ma'un, Kausara, Kafiruna, Nasri.
Laraba: Masadi, Ihlasi, Falaƙi, Nasi.

Ka gani? Cikin mako guda ka zagaye duk haddarka, kuma babu ranar da ta yi maka nauyi. Wanda ya kai izu biyar ko goma sai ya raba nasa da sumuni ko rubu'i, kamar yadda Malam ya tsara masa.

Ranar Alhamis, da yake hutu ne a yawancin makarantunmu, ita ce ranar gyara. In ka ba da Fajri Malam ya karɓa, sai Fajri ta sauka zuwa jerin bita, Gashiya ta shiga jerin ƙari, Sharhi kuma ta koma cikin tilawa. Kowane mako abu guda yana shiga, abu guda yana matsawa ƙasa. Jerin da ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba, ka tabbata mai shi ya daina amfani da shi.

Me ya sa ake wannan rabo? Alarammominmu sun daɗe da sanin cewa sabuwar hadda tana gudu in ba a ɗaure ta da tishi ba. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada abin a kansa, ya buga sakamakonsa a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi yin ɓarna a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka tara a zama guda. Abin da tsangaya take yi ke nan tun kafin a haife shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ba a haɗa tilawar izu biyu a daren jarrabawa.

Maɓallai uku da za ka sani

Na farko shi ne mai maimaita abu guda. Alamarsa kibau biyu masu zagaye da lamba 1 a tsakiya. Shi ne abokin jerin ƙari.

Na biyu shi ne mai alamar A-B, in na'urarka tana da shi. Ka danna a farkon aya, ka sake dannawa a ƙarshenta, sai ta yi ta maimaita wannan yanki kaɗai. Da shi za ka ɗauki aya ɗaya ko biyu daga doguwar sura ka yi ta nanatawa har ta zauna.

Na uku shi ne wanda za ka guje wa: kibau biyu da suka giciye juna. Wannan don masu jin waƙa aka yi shi, yana cakuɗa jeri ya ɗauko duk abin da ya ga dama. In ka ji bayan Shamsi an faɗa Baƙara, duba, ƙaninka ya danna shi. Kashe shi nan take.

Yaya ake sauraron?

Sauraro iri biyu ne. Akwai wanda kake yi kana shara ko wanke-wanke ko kan hanyar makaranta. Wannan yana da amfaninsa, ka ba shi jerin da ka riga ka iya. Akwai kuma na zama, da mus'hafi a buɗe a gabanka, yatsanka a kan layi. Jerin ƙari wannan yake bukata. Ka saurari aya sau uku kana kallo, ka tsayar da na'ura, ka karanta da bakinka sau uku, sannan ka rufe mus'hafi ka kawo ta da ka. Minti 15 na irin wannan ya fi awa biyu da kake kwance karatu yana tashi kana tunanin ƙwallo.

Kuma ka riƙe wannan da kyau: na'ura tana karanta maka, amma ba ta jin ka. In ka mai da harafin ha mai fitowa daga tsakiyar maƙogwaro ya zama irin namu na Hausa, ko ka cinye gunna, ba za ta ce maka uffan ba. Sai ka maimaita kuskure sau ɗari ya zauna daram, cire shi ya zama aiki. Karatu daga bakin malami ake ɗaukarsa, kuma a gabansa ake mayar da shi. Saboda haka kada ka sa wa jerin ƙari surar da Malam bai biya maka ba tukuna.

Sauran darussa

Wannan tsari yana aiki ga sauran littattafai. Yi folda dabam ga kowane fanni. Ta Hadisi, in kuna karanta Arba'una ta Imam Nawawi, ka tuna hadisan cikinta 42 ne, sai ka sa musu lamba daga 01 zuwa 42. Ta Fiƙihu, Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya, ka jera su babi-babi yadda suke a littafi. Ta Tajwidi, ta Larabci, ta Azkar, kowace da gidanta. Darussan boko ma haka. Kana iya naɗar muryarka kana karanta jadawalin lissafi ko sababbin kalmomin Turanci, ka saurara a hanya. In kana son naɗar darasin Malam a aji, ka nemi izininsa tukuna, wannan shi ne ladabi. Kuma ka sa wa fayil suna a ranar da ka naɗa, da fanni da kwanan wata, tun ba ka manta ba.

Mimorin karatu a bar shi na karatu. Kada a gwama shi da waƙoƙi da finafinai, don girmama abin da ke ciki, kuma don kada hannu ya riƙa zamewa zuwa can. Ka ajiye kwafi na biyu a wata waya ko kwamfuta, domin mimori ɗan ƙaramin abu ne, yana ɓata, yana lalacewa, wani lokaci ma a wanke shi a aljihun riga.

Kula da kunnenka

Kunnen da ƙara ta lalata ba ya dawowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar na'ura, kuma a riƙa hutar da kunne. Ga gwaji mai sauƙi: in wanda ke kusa da kai yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ko ya yi maka magana ba ka ji ba, to ka rage. In ka cire ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce gona da iri. Kada ka tsallaka titi da abu a kunne, kuma kada ka yi barci da shi. A cikin ɗaki gara a kunna lasifika a hankali, ƙanne ma su amfana.

Kira ga iyaye

Baba da Inna, wannan aiki ba ya bukatar ku iya kwamfuta. Ran Alhamis ku zaunar da yaro ku tambaye shi: wace sura ce a jerin ƙarinka? Kunna mu ji. To, kashe, kawo da ka. Ku leƙa littafinsa ku ga ko abin da ya rubuta ya dace da inda Malam ya ce yake. Ku riƙa sanin abin da aka tura masa a kasuwa, domin ba kowane abin da aka kira wa'azi ne ya dace da yaro ba. In gidan na'ura guda ce, ku raba wa yara lokaci, kowa da foldarsa da sunansa, babba ya taimaki ƙarami. Yaran da iyayensu ke tambayarsu karatu, malamai suna gane su tun daga bakin ƙofa.

Aikin gida

1. Da wace ruwaya ake karantar da kai? In ba ka sani ba, tambayi Malam gobe.

2. Me ya sa ake rubuta 002 maimakon 2?

3. Mene ne bambancin goge sura daga jeri da goge ta daga folda?

4. Rubuta jerinka uku na wannan mako a littafinka, da boko da ajami, ka kawo wa Malam ya duba ranar Asabar.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa albarka a karatunmu, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.